Ninkaya: Abin da Ke Fitar da Matasa Daga Ruwa Kafin Lokacinsu

A gasar Olamfik ta 1972 a birnin Munich na Jamus, wata yarinya 'yar Ostireliya mai shekara 15, Shane Gould, ta lashe lambobin zinare uku da azurfa ɗaya da tagulla ɗaya. Da shekara ta zagayo sai ta ajiye gasa. Missy Franklin ta Amurka ta ci zinare huɗu a Landan a 2012 tana 'yar shekara 17, amma ciwon kafaɗa ya sa ta yi ritaya a 2018 tana da 23. Waɗannan sanannu ke nan. Bayansu akwai ɗimbin yara da ba a taɓa jin sunansu ba, waɗanda ke cika kulob-kulob suna 'yan shekara goma, amma kafin su gama sakandare sun watse. A ganina ba ragwanci ne ke korar su ba. Tsarin horon ne yake neman nasara tun yaro bai nuna ba, sai ya cinye ƙarfi da sha'awar da ya kamata su kai shi shekara ashirin da wani abu.

Dubi yadda ranar irin wannan yaro take. Ƙarfe biyar na asuba an tashe shi, ya faɗa ruwa kafin makaranta, da yamma ya sake komawa. Kansa na cikin ruwa, ba ya jin muryar kowa, abin da yake kallo kawai baƙin layin da aka shata a ƙasan wurin ninkayar. Ya je bango ya juyo, ya sake zuwa ya juyo, har a yi kilomita biyar ko fiye, koci na tsaye da agogo a hannu. A aji gashinsa na warin sinadarin kulorin, ido na lumshewa. Ɗan ƙwallo ko ba komai yana dariya da abokai a fili, amma mai ninkaya ladansa ɗaya ne, wato daƙiƙun da ya rage. Ranar da agogo ya daina sauka, ba shi da sauran dalilin tashin asuba.

Kuma agogon sai ya tsaya, domin haka jiki yake. Tsakanin shekara 11 zuwa 14 yaron da ya riga tsaransa balaga yakan fi su tsayi da ƙarfi, ya kwashe kofuna, iyaye da koci su ɗauka an samu zakara. Bayan shekara biyu ko uku sauran sun kamo shi, wanda ya saba zuwa na ɗaya ya koma na takwas. 'Yan mata kuwa sau da yawa lokacinsu yakan tsaya cik na tsawon shekara ko fiye yayin da jikinsu ke sauyawa, abin da kan wuce in an yi haƙuri. A nan ake asara biyu: wanda ya yi fice da wuri ya karaya, wanda ya makara wajen girma kuma tuni an cire shi daga rukunin gwanaye. Binciken Arne Güllich, masanin wasanni a Jamus, da abokan aikinsa ya nuna cewa manyan zakarun duniya galibi sun taɓa wasanni iri-iri suna yara, kuma ba su yi saurin haskawa kamar zakarun ƙananan gasa ba.

Wani zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ai Michael Phelps yana ɗan shekara 15 ya je Olamfik ta Sidni a 2000, Katie Ledecky ma tana 'yar shekara 15 ta ci zinare a 2012. Gaskiya ne, sanin yadda ake kama ruwa da hannu da daidaita numfashi ya fi shiga jiki a ƙuruciya. Amma koyon salo daban, lafta wa ƙaramin yaro horon babba daban. Phelps kansa ya buga wasu wasannin kafin ya tsaya kan ninkaya, kuma bayan 2012 ya fito fili ya faɗi irin baƙin ciki mai tsanani da ya yi fama da shi. Sannan bai dace a gina tsarin yara dubu a kan mutum biyu da ba a cika samun irinsu ba. Hujjar ɗaya ɓangaren ta fi nauyi: Sarah Sjöström ta Suwidin ta ci zinare biyu a Paris a 2024 tana da shekara 30, Dara Torres ta ci azurfa uku a Beijing a 2008 tana da 41. Anthony Ervin ya ci zinaren mita 50 a 2000, ya bar wasan yana ɗan 22, ya yi shekaru ba ya gasa, ya dawo ya sake cin wannan zinaren a Rio a 2016 yana da 35.

Akwai kuma masu cewa karatu da neman abinci ne ke janye matasa, ba laifin koci ba ne. Da ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai abin da ke sa jarrabawa ta zama ƙarshen ninkaya shi ne kulob da ba ya da zaɓi tsakanin horo tara a mako da sallama. Inda aka buɗe hanya ta uku, mutane na zama. Jami'o'in Amurka na riƙe masu ninkaya har wajen shekara 22 saboda sun haɗa karatu da gasa. Gasar manya da ake kira Masters, wadda aka fara a Amurka a 1970, tana raba mutane rukuni-rukuni bisa shekaru, har tsofaffi na fafatawa. Norwe kuwa tun 1987 ta kafa ƙa'idojin wasannin yara, kuma ba a sa yaro gasar zakarun ƙasa sai ya kai shekara 13.

Abin da kulob zai yi ba mai tsada ba ne. A ware layi ɗaya ko biyu ga masu iya zuwa sau uku a mako, ba tare da an mayar da su saniyar ware ba. A yawaita tseren karɓa-karɓa, domin matashi ya fi jin kunyar barin abokansa uku fiye da barin agogo. Wanda ya nemi hutun wata shida saboda jarrabawa a ba shi, a ajiye masa gurbinsa. Hukumomin da ke raba kuɗi kuma, kafin su ƙirga kofunan 'yan shekara 12, su tambayi kowane koci mutum nawa cikin yaran da ya horar shekara goma baya suke gasa har yanzu.