Yadda Ake Ƙera Adda Mai Ƙarko

Ƴan'uwa manoma, rani ya yi nisa, lokacin sassabe ya matso. Kowannenmu zai nemi addarsa. Wani zai tarar da tata ta dakushe, wani kuma ta kare masa a kan kututture tun ranar farko. Kuɗi sun tafi, aiki ya tsaya. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake ƙera adda, domin mu iya bambanta ta kirki da ta banza.

Ƙira tsohuwar sana'a ce

Damagaram ta daɗe da sanin darajar maƙera. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa kuma ya rasu a 1884, har igwa an ƙera a Zinder. Kakanninmu tama suke narkawa su fitar da ƙarfe. Maƙeran yanzu kuwa tsofaffin ƙarafa suke saye.

Zaɓen ƙarfe

Ba kowane ƙarfe ke yin adda ba. Rodin gini yana da taushi, bakinsa ba ya riƙe kaifi. Wanda ya fi shi ne sifirin na tsohuwar mota. A cikinsa akwai sinadarin da ake kira kabon, irin wanda ke cikin gawayi. Shi ke sa ƙarfe ya yi tauri idan an ba shi ruwa. Sai dai a duba da kyau: sifirin da ya tsage ba ya gyaruwa da duka.

Aiki a maƙera

Maƙeri yana hura gawayi da zugazugi. Gawayin ƙirya ya fi so, don yana da zafi kuma yana daɗewa. Idan ƙarfe ya yi jawur, sai ya kamo shi da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya yanki abin da yake bukata. Daga nan sai duka da masaba. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wannan gaskiya ce, domin ƙarfen da ya huce tsagewa yake yi idan an ci gaba da dukansa.

A hankali ƙarfe yake miƙewa har ya kai kamu guda ko fiye. Ana sirantar da baki, a bar gadon baya da kauri. Wajen tsini ana barinsa da faɗi, domin nauyin ya taimaki hannu wajen sara. Tun da sauran zafi ake huda ramukan ƙota. Idan ya huce sai a gyara baki da magagari.

Ban ruwa

Nan ne gwani yake fita. Ana mayar da adda cikin wuta har bakinta duka ya yi ja iri ɗaya. Idan mayen ƙarfe ya daina kama ta, zafi ya kusa isa. Sai a tsoma ta nan da nan cikin mai ko ruwa. Mai ya fi dacewa da sifirin, domin ruwa yana sanyaya shi da gaggawa har ya tsage.

Aiki bai ƙare ba. A wannan hali ƙarfe ya yi tauri ƙwarai, amma yana iya fashewa kamar kwalba. Don haka ake goge shi, a sāke ɗumama shi kaɗan-kaɗan. Launinsa zai koma kamar na busasshiyar ciyawa, daga baya ya doshi shuɗi. A nan ake tsayawa. Addar da ba a yi wa wannan ba ita ce mai karewa. A ƙarshe a sa ƙota ta icce mai ƙarfi, a dasa ta da ƙusa.

Idan mun je kasuwa

Ko a kasuwar Dole ko a ta Mirya, mu duba abu uku. Mu ƙwanƙwasa adda: mai lafiya tana amo, mai tsaga ba ta yi. Mu hango gadon bayanta ko ya miƙe. Mu girgiza ƙota ko tana motsi.

Mu kiyaye lafiyarmu

Dakusasshiyar adda ta fi haɗari, domin gocewa take yi ta sami ƙafa. Mu wasa ta, mu sa takalmi, mu nisantar da yara. Wanda ya yanke ya danne ciwon da tsumma mai tsabta, ya wanke da ruwa da sabulu. Kada a zuba ƙasa, toka ko kashin shanu. Ƙwayar cutar tetanos, mai ƙage muƙamuƙi da sandarar da jiki, a ƙasa da taki take zaune. A je gidan likita a ranar domin allura.

Mu yi sara da hankali

A Magarya, Matamai da Mirya, manoma sun mayar da itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980 ta hanyar sassaben zamani. Ba sa share tohon gawo da na kalgo duka. Suna zaɓen rassa masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Gawo yana ƙara wa gona taki, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne. Adda mai kaifi tana yanka reshe sumul, icce ya warke da sauri. Allah ya ba mu damina mai albarka.