Neman Kalma Yadda Take a Rubuce Cikin Kwamfuta

Manufar wannan takarda ita ce bayyana wata matsala da ke samun masu binciken sunaye a rajistar da aka adana cikin kwamfuta. Hanyoyin nema iri biyu ne. Ta farko tana bin tsarin alamomin da Stephen Kleene ya kafa harsashinsa a shekarar 1951, inda ɗigo ke wakiltar kowane harafi, baka biyu kuma su haɗa rukuni. Ta biyu tana ɗaukar kowace alama a matsayin kanta.

Alal misali, a ɗauki rajistar ɗalibai ta mazaɓar Jajaye, a ƙaramar hukumar Rogo. Idan malami ya nemi "Alh." ta hanyar farko, kwamfuta za ta kawo masa har da Alhassan, domin ɗigon ya dace da harafin "a". Haka kuma idan ya nemi "Musa (Jajaye)", za ta tsallake sunan da ke ɗauke da bakan, ta kawo "Musa Jajaye". Ta nan ne ɗalibi kan ɓace daga lissafi.

Maganin shi ne a sa alamar \ kafin ɗigo ko baka, ko a yi amfani da umarnin fgrep, wanda aka gina bisa dabarar Aho da Corasick ta 1975.

Sai dai wannan hanya tana bambanta k da ƙ. Wanda ya nemi "Karaye" ba zai sami inda aka rubuta "Ƙaraye" ba. Saboda haka wajibi ne a daidaita ƙa'idar rubutu tun lokacin shigar da sunayen.