Ƙarin fitilar LED a mota da babur: abin da ke bambanta haske da makantar da mutane a hanyoyin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Duk wanda dare ya taɓa yi wa a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, tsakanin Sheme da 'Yankara, ya san irin hasken. Fari ne fat, yana tahowa daga nesa, ba a gane ko tirela ce ko Golf ko babur sai ya zo dab. Wannan aikin fitilun LED ne da ake ƙara wa ababen hawa, wasu dogaye kamar sanda a kan bamba ko rufin mota, wasu ƙanana zagayayyu a ƙahon babur. Sun yi araha, ana samunsu a shagunan kayan gyara, ana kuma yin odarsu ta waya.

Ba gayu kaɗai ke sa a saye su ba. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa direba yana son ya hango abin da ke gabansa tun da nisa: rami, ko dabba, ko icen da aka gitta a hanya. Waɗannan ƙananan hukumomi na cikin waɗanda matsalar 'yan bindiga ta fi taɓawa. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana 'yan acaba aiki daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a yankunan da ke fama da rikicin, aka kuma katse layukan waya. Mutumin da ya rayu cikin wannan ba zai ji kunyar neman ƙarin haske ba. Matsalar tana wajen yadda ake ɗora fitilar da yadda ake ja mata waya.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana aiki da dokokin zirga-zirga na 2012, kuma saɓa ƙa'idar fitilu na cikin laifukan da take cin tara a kansu. A Katsina akwai kuma KASSAROTA da jami'an VIO. Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta: haske fari ko rawaya a gaba, ja a baya, kuma idan wani ya tunkaro a rage haske. Fitila mai walƙiya shuɗi da ja ta motocin jami'an tsaro da na agajin gaggawa ce. A yankin da ake tsayar da mutum a shingen bincike da dare, saurayin da ya maƙala irin wannan a babur ya jawo wa kansa tambayoyin da ba ya buƙata.

Fitilar da kamfani ya saka wa mota tana da hali biyu. A dim, hasken yana da iyaka daga sama, yana sauka kan kwalta ba ya shiga idon mai zuwa. A ful ne yake miƙewa nesa. Sandar LED ba ta da dim kwata-kwata, ful ce zalla. Shi ya sa a Turai ƙa'ida ta ce ƙarin fitilar hangen nesa ba za ta kama ba sai tare da ful, kuma dole ta mutu da zarar an koma dim. Ostareliya ma, inda ake tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin daji, haka take yi. A nan kuwa mai wayarin yakan jawo waya kai tsaye daga batir ya saka makunni daban a gefen sitiyari. Direba ya rage hasken motarsa, amma sandar tana nan tana ci, don hannunsa bai kai ga makunni na biyu ba, ko ya manta.

Lissafin yana da ban tsoro. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan haske ya ɗauke wa direbanta gani na daƙiƙa uku, ya yi mita 66 bai ga komai ba. A hanya mai layi ɗaya, mai babur ko mai tafiya a ƙasa da ke gefen titi shi ne yakan biya.

Gyaran ba shi da tsada. Ana buƙatar rile da fiyus da waya mai kauri. Wutar da za ta ciyar da fitilar ta fito daga batir, ta bi ta fiyus da aka saka kusa da kan batir ɗin, sannan ta shiga rile. Siririyar wayar da ke tayar da rile kuma a ɗauko ta daga wayar ful ta motar, a saka makunni a tsakani. Da haka ƙarin fitilar ba ta kamawa sai ana ful, tana mutuwa da kanta idan aka koma dim, kuma ana iya kashe ta gaba ɗaya a cikin gari.

Fiyus ɗin ba ado ba ne. Fitila mai wat 120 a kan batir mai bolt 12 tana jan amfiya 10, ninki biyu na abin da ƙwan fitilar gaba ɗaya mai wat 60 ke ja. Idan waya siririya ce za ta yi zafi, robarta ta narke, ta taɓa ƙarfen mota. Inda babu fiyus, babu abin da zai yanke wutar. Galibi adadin wat da aka rubuta a kwalin fitilu masu araha ya fi na gaskiya yawa, don haka gara mai wayarin ya auna da mita kafin ya zaɓi waya.

Babur ya fi saurin jin jiki. Batirinsa ƙarami ne, kwayil ɗinsa ma wuta kaɗan yake bayarwa. Matasa da yawa sun riga sun jona cajar USB a jikinsa don waya. Aka ƙara fitilu biyu ko uku, sai batir ya fara kwana babu caji, hon ya dushe, a koma buga kik.

Sai wurin ɗorawa. Fitilu biyu su zauna daidai da juna, dama da hagu, don mai zuwa ya gane faɗin motar. Guda ɗaya a gefe tana sa a ɗauka babur ne. A rufin mota hasken yana dukan bonet ya dawo idon direba. Lokacin hunturu, da ƙura ta cika iska, farin haske daga sama yana komawa kamar bango a gaban gilashi, yayin da fitilar da ke ƙasa kusa da bamba take bi ta ƙarƙashin ƙurar. Gwajin saiti ma mai sauƙi ne: a tsayar da motar a wuri mai lebur da dare, mita goma daga bango, a kunna. Idan tsakiyar hasken ya hau sama da tsayin fitilar daga ƙasa, a sassauta noti a sunkuyar da ita.