Giwa Ba Haure, Gero Na Bogi: Yadda Yanayi Ke Tace Halittu

Ƙa'idar da Charles Darwin ya shimfiɗa a littafinsa na 1859 ba ta da wuyar faɗa. 'Ya'yan kowane jinsi ba sa fitowa iri ɗaya, ana haifar fiye da waɗanda za su rayu, kuma wanda siffarsa ta dace da inda ya tsinci kansa shi ya fi barin baya. Tankaɗe da rairaya ke nan, sai dai rariyar wani lokaci fari ce, wani lokaci cuta, wani lokaci bindigar maharbi.

Mu fara da bindigar. A yaƙin basasar Mozambik, daga 1977 zuwa 1992, an karkashe kusan kashi 90 cikin 100 na giwayen gandun dajin Gorongosa, ana sayar da haure ana sayen makamai. Giwar da aka haifa ba haure, wa zai ɓata harsashi a kanta? Kafin yaƙin, irin waɗannan ba su kai ɗaya cikin biyar na matan giwayen ba. A cikin waɗanda suka tsira kuwa, sun kai rabi. Gadon yana da sharri: idan ɗan tayi namiji ne ya ɗauke shi, ba ya zuwa duniya da rai. Shi ya sa giwa marar haure ta fi haihuwar mata.

Wanda ya fi shafar mu shi ne sikila. Kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu a Najeriya AS ne, kuma mutum zai yi mamakin yadda gadon da ke wahalar da yara haka bai ƙare ba tun zamanin kakanni. Amsar tana bakin sauro. A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi bincikensa a Gabashin Afirka, ya nuna cewa mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar da zazzaɓi ke ɗauke yara kowace damina, wannan ba ƙaramar garkuwa ba ce, don haka gadon ya yi ta yaɗuwa. Kuɗin garkuwar kuwa masu SS ke biya: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon. A ganina babu misalin da ya fi wannan nuna cewa tacewar ba ruwanta da jin daɗin kowa, lissafin wanda ya rayu ya haihu kawai take yi.

Ƙwayar cutar zazzaɓin ma ba ta zauna ba. Kulorokwin ya kashe masu rauni ya bar masu taurin kai, har Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005.

A Ingila akwai wani malam-buɗe-littafi na dare, fari mai ɗigo-ɗigo, da ke lafewa a jikin bishiya da rana. Da hayaƙin masana'antu ya shafe itatuwa da kunkunniya, sai tsuntsaye suka riƙa hango fararen suna tsincewa. An ga baƙi a Mancesta a 1848. Zuwa 1895 baƙaƙen sun kai kashi 98 cikin 100 a can. Bayan dokar tsabtace iska ta 1956, sai reshe ya juye da mujiya, fararen suka dawo.

Abin ba ya buƙatar dubban shekaru. A tsibirin Daphne Major na Galapagos, farin 1977 ya ƙarar da ƙananan tsaba, ya bar manya masu tauri. Yawancin wasu ƙananan tsuntsaye da Peter da Rosemary Grant ke bibiya suka mutu, masu kaurin baki suka fi tsira. Da aka auna 'ya'yansu, bakin ya ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100.

Manomin gero a Damagaram ko Maraɗi ya san shibra. Tana ƙarama ba ka raba ta da gero, sai mai noma ya wuce ta da fartanya. Kafin girbi kuma ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa, ta ajiye irin baɗi. Duk wadda ta yi kama da ciyawa an nome ta tun tuni, wato idon manomin ne ya koya mata ɓad-da-kama ba da saninsa ba.

Madara fa? Yawancin manyan mutane a duniya cikinsu ba ya narkar da sukarin ɗanyar madara yadda ya kamata. Al'ummomin da suka daɗe da kiwo, irin su Fulani da mutanen arewacin Turai, su ne aka fi samun masu shan ta lafiya har tsufa.

Sai raƙumin dawa, irin na Kure kusa da Yamai, wanda ke nuna cewa tacewar da abin da aka gada take aiki, ba sabon tsari take zanawa ba. Duk tsawon wuyan nan, ƙasusuwansa bakwai ne, daidai da naka. Akwai kuma wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa za ta maƙogwaro, tafiyar da ba ta fi taƙi ba, amma sai ta gangara har ƙirji, ta zagaya babbar jijiyar jini kusa da zuciya, sannan ta hauro. A jikin kifi, inda babu wuya, hanyar miƙaƙƙiya ce. A jikin raƙumin dawa zagayen ya kai mita 4 ko fiye.