Rigakafin Yara a Sakkwato: Tsakanin Fatawar Halasci da Nauyin Kiwo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na yaran Nijeriya masu wata 12 zuwa 23 ne suka karɓi muhimman alluran rigakafi gaba ɗaya. A Jihar Sakkwato kuwa adadin bai wuce kashi 5 ba, mafi ƙaranci a ƙasar. Wannan maƙala tana tambaya ne: me ya rage a wuyan malamai, alhali an daɗe da bayyana hukunci?

Ta fuskar fiƙihu, mas'alar ba baƙuwa ba ce. Kare rai da kare zuriya suna cikin larurorin nan biyar da Imam Shaɗibi ya faɗaɗa bayaninsu a Muwafaƙat. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga Sarg da ya sami labarin annoba a Sham, bai ga hakan ya warware imani da ƙaddara ba. Shaihu Ibn Baz ya halatta rigakafi, yana kafa hujja da hadisin cin dabinon ajwa bakwai da safe, domin wannan tunkuɗe cuta ne tun kafin saukarta. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a ilimin likitanci.

Sai dai shubuhar da ta shiga zukatan jama'a tana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, al'amarin da ya kai ga kotu. Kan wannan rauni ne jita-jitar hana haihuwa ta sami gindin zama, har aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama, ciki har da Yaman da Indunusiya. Amana ce ta gyara lamarin: a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar shan inna ta asali.

To amma ɗigon shan inna gida-gida ake kai shi, rigakafin yau da kullum kuwa sai uwa ta taka zuwa asibiti: bayan haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9, sannan wata 15. Kowace tafiya tana buƙatar izinin maigida da kuɗin mota da sanin ranar komawa. Wani gwaji da aka gudanar a Katsina da Zamfara da Jigawa tsakanin 2017 da 2020 ya haska wannan: da ƙungiyar New Incentives ta riƙa ba iyaye mata ɗan tallafin kuɗi tare da wayar da kai, sai yawan masu karɓar alluran ya ƙaru a fili. Da a ce aƙida ce kaɗai shamaki, da kuɗi kaɗan ba su ɗage shi ba.

Saboda haka, faɗin cewa rigakafi halas ne bai wadatar ba. Uba makiyayi ne abin tambaya game da kiwonsa, kuma ƙa'idar usulu ta tabbatar da cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan ƙwararrun likitoci amintattu sun rinjayar da cewa barin allura yana jefa yaro cikin haɗarin ƙyanda ko mashaƙo, to ba da izini da kuɗin mota sun shiga cikin wannan nauyi.

Limamin da ke raɗa suna ran bakwai yana da damar da jami'in lafiya ba shi da ita, domin uban jariri yana zaune gabansa. Tambaya ɗaya game da katin rigakafi a wannan majalisi nasiha ce a muhallinta. Haka kuma ya wajaba a kan hukuma ta wadata asibitoci da allura da ma'aikata, don kada uwar da ta amsa kiran malami ta tarar da ƙofa a rufe.

Allah ne Mafi sani.