Ba Kowane Ƙyallen Iska Ne Ya Dace da Kwale-kwalen Zobe Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai kwale-kwalen inji ya san yadda lita ke cinye ribarsa. Shi ya sa idan hoton jiragen tsere na Turai ya faɗo a waya, ga wani ƙaton ƙyalle mai launi ya kumbura a gaba yana jan jirgi, sai ka ji ana cewa ai iska kyauta ce, me zai hana masuntanmu su ɗinka irinsa? Maganar ta shafi Batsari da Safana, domin madatsar Zobe tana Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, ta Jibiya kuma tana arewa da Batsari. Tunanin amfani da iska ba laifi. Abin da ke damuna shi ne zaton da ake yi cewa ƙyalle ƙyalle ne, wanda ya fi faɗi shi ya fi amfani.

Wannan ƙyallen sunansa sifinaka, ana ɗinka shi da yadin nailan marar nauyi, kuma iri-iri ne. Na asali gefensa biyu tsawonsu ɗaya, ko ka juya shi ba ka gane dama da hagu. Ana tokare kusurwarsa ɗaya da doguwar sanda daga jikin turken jirgi, aikinsa kuwa sai iska ta biyo ta ƙeya. Akwai mai karkata, wanda gefensa na gaba ya fi na baya tsawo. Shi ba ya son sanda, a hancin jirgi ake ɗaure kusurwarsa, kuma ya fi ja idan iska ta zo ta baya amma a kaikaice. Sai wanda matuƙa ke kira kod ziro, da ya yi suna a tseren zagaya duniya na Whitbread a 1997 zuwa 1998: cikinsa a shafe, don iska mai sanyin jiki da ke bugowa ta gefe. Mai son bambance su daga nesa ya duba abu biyu, ko akwai sanda, da kuma zurfin tumbin. Amma dukkansu ba wanda zai kai ka inda iskar take fitowa. Masunci kuwa da ya fita da safe dole ya komo gida da kifinsa, ko iska ta juya ko ba ta juya ba.

Matsalar ta wuce nan, akwai haɗari. Duk wanda ya hau babur da babbar riga ya san yadda take cika ta nemi fizge shi da zarar an ƙara wuta. Ƙarfin iska a kan ƙyalle ba ya tafiya daidai da gudunta: idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin ninki huɗu yake yi. Jiragen tseren nan suna da wani ƙarfe mai nauyin gaske a ƙarƙashinsu, cikin ruwa, da ke miƙar da su idan sun kwanta, duk da haka sifinaka na kwantar da su. Kwale-kwalen katako, siriri, ba shi da komai a ƙasa. Iskarmu ma ba ta da tabbas. Ta hunturu daga arewa maso gabas take, ta damina daga kudu maso yamma, amma hadarin farkon damina ta gabas yake tasowa, kafin ka kwance igiya guguwarsa ta iso.

Wani zai ce ai a Kogin Kwara, can Mali, ana harhaɗa buhuna a yi ƙyalle, a Kogin Nilu ma jiragen iska na ta aiki har gobe. Gaskiya ne, kuma hujja ce cewa a gwada. Sai dai na Nilu mai kusurwa uku ne, yana iya ratsa iska a kaikaice, jirgin kuma faffaɗa ne. Irin wannan, ƙarami, wanda mutum ɗaya zai sauke nan take, da katakon da ake zurawa a ruwa ta gefe don kada jirgi ya zame, shi ya kamata a fara da shi. Wannan gwaji aikin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ne da gwamnatin jiha, tare da sarakunan ruwa, da rigunan kariya a jikin kowa. Ba mu manta Bagwai ba, inda a Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya a madatsar Watari. Bai kamata hukuma ta bar masunci ya koyi bambancin ƙyallayen nan shi kaɗai a tsakiyar Zobe, sannan ta zo jaje ba.