Yawan mambobin ƙungiyoyin 'yan uwantaka a jami'o'in Amurka

Ƙungiyoyin 'yan uwantaka na ɗalibai ƙungiyoyi ne na zumunci da ake samu a jami'o'i da kwalejojin Amurka da Kanada. A Turanci ana kiran ta maza fraternity, ta mata kuma sorority, daga kalmomin Latin masu nufin ɗan'uwa da 'yar'uwa. Yawancinsu suna ɗaukar sunansu daga haruffa biyu ko uku na Girkanci, kamar Sigma Chi ko Delta Gamma, shi ya sa ake yi wa mambobinsu laƙabi da "Girkawa", ko da yake ba su da wata alaƙa da ƙasar Girka. Kowace babbar ƙungiya tana da hedikwata ta ƙasa da rassa a makarantu daban-daban, kuma wanda ya shiga yakan zama mamba har ƙarshen rayuwarsa.

Yawan mambobin waɗannan ƙungiyoyi bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Yakan hau ya sauka gwargwadon yawan masu shiga jami'a, da irin mutanen da aka buɗe wa ƙofa, da kuɗin da ake biya, da kuma kallon da jama'a ke yi wa ƙungiyoyin a kowane zamani. Sau da dama an yi hasashen mutuwarsu, amma sai su sake farfaɗowa a wata siffa ko a wani yanki na ƙasar.

Asali

Ƙungiya ta farko mai sunan haruffan Girkanci ita ce Phi Beta Kappa, wadda aka kafa ranar 5 ga Disamba, 1776 a Kwalejin William da Mary da ke jihar Virginia. Daga baya ta koma ƙungiyar karrama ɗalibai masu hazaƙa. Irin ƙungiyoyin zumunci da aka sani a yau sun faro ne a Kwalejin Union ta jihar New York, inda aka kafa Kappa Alpha a 1825, sannan Sigma Phi da Delta Phi a 1827. A lokacin masu zuwa kwaleji kaɗan ne, kusan dukkansu maza farar fata 'ya'yan masu hali, don haka mambobin ma ba su da yawa. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya sa an rufe rassa da dama a kudancin ƙasar, amma bayan yaƙin aka kafa sababbin ƙungiyoyi a yankin.

Mata sun kafa tasu a 1851 a Kwalejin Wesleyan ta garin Macon, jihar Georgia, wadda daga baya aka sa wa suna Alpha Delta Pi. Pi Beta Phi ta biyo baya a 1867, sai Kappa Alpha Theta a 1870. A 1902 ƙungiyoyin mata suka haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna National Panhellenic Conference, wadda a yau ta ƙunshi ƙungiyoyi 26. Na maza suka kafa tasu inuwar a 1909. A ƙarshen ƙarni na 19 rassa sun fara mallakar gidajen kwana na kansu, abin da ya ja ɗalibai sosai domin makarantu da yawa ba su da isassun ɗakunan kwana.

Waɗanda aka hana shiga

Ƙungiyoyi da yawa sun rubuta a tsarin mulkinsu cewa Kirista farar fata kawai za su karɓa. Waɗanda aka rufe wa ƙofa sai suka kafa nasu. Ɗalibai Yahudawa sun kafa Zeta Beta Tau a 1898 da Alpha Epsilon Pi a 1913. Ɗalibai baƙar fata sun kafa Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell a 1906, mata baƙar fata kuma suka kafa Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard a 1908. Manyan ƙungiyoyin baƙar fata sun kai tara, kuma majalisar da ta haɗa su ta samu ne a 1930. Martin Luther King Jr. da alƙali Thurgood Marshall 'yan Alpha Phi Alpha ne, Kamala Harris kuma 'yar Alpha Kappa Alpha ce. Nnamdi Azikiwe na Najeriya da Kwame Nkrumah na Gana, waɗanda suka yi karatu a Amurka, sun shiga Phi Beta Sigma.

Ƙungiyoyin baƙar fata sun bambanta da sauran a kan batun mambobi. Rassansu na cikin makarantu ƙanana ne, amma suna da rassan tsofaffin ɗalibai masu ƙarfi a birane, kuma mutum na iya shiga bayan ya kammala digiri. Saboda haka ƙididdigar ɗalibai kawai ba ta nuna ainihin girmansu.

An cire sharuɗɗan wariya daga tsarin mulkin ƙungiyoyin a shekarun 1950 da 1960, bisa matsin lambar hukumomin jami'o'i da na wasu rassa. Sai dai cire rubutu bai sauya al'ada nan take ba. A 2013 jaridar ɗaliban Jami'ar Alabama ta fallasa yadda ake ƙin karɓar 'yan mata baƙar fata a tsofaffin ƙungiyoyin mata na makarantar, kuma bayan haka ne aka fara ɗaukarsu.

Bunƙasa da koma-baya a ƙarni na 20

Karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 da Yaƙin Duniya na Biyu sun rage mambobi, musamman maza da aka tafi da su fagen fama. Bayan yaƙin, dokar 1944 da ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu ta cika jami'o'i da ɗalibai, sai rassa suka sake cika. Shekarun 1950 na daga cikin lokutan da ƙungiyoyin suka fi tashe.

Daga tsakiyar shekarun 1960 al'amura suka juya. Zamanin fafutukar 'yancin baƙar fata ne da zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam, kuma matasa da yawa sun ɗauki ƙungiyoyin a matsayin alamar gata da tsohon tunani. A farkon shekarun 1970 ɗalibai maza mambobi sun ragu zuwa kimanin 150,000, an kuma rufe rassa masu yawa. Kwalejin Williams ta yanke shawarar raba gari da su tun 1962.

Farfaɗowar ta zo a ƙarshen shekarun 1970. Fim ɗin barkwanci na Animal House, wanda ya fito a 1978, ya sa rayuwar gidajen ƙungiya ta zama abin sha'awa ga samari. Sannan dokar 1984 ta sa jihohi suka ɗaga shekarun sayen giya zuwa 21, abin da ya sa ɗalibai da yawa suka koma yin shagulgulansu a gidajen ƙungiya, inda sa ido ya yi ƙaranci. Zuwa 1990 maza mambobi sun kai kusan 400,000. Doka ma ta ba su kariya, domin a 1974 majalisar dokoki ta keɓe su daga dokar hana wariyar jinsi a makarantu ta 1972, don haka suka ci gaba da zama na maza zalla ko mata zalla.

Shagulgulan da suka ja mambobi su ne kuma suka jawo ƙararraki a kotu da tsadar inshora. A shekarun 1990 adadin ya sake yin ƙasa. Wasu ƙananan kwalejoji na arewa maso gabas sun soke ƙungiyoyin baki ɗaya: Colby da Amherst a 1984, Bowdoin kuma ta yanke irin wannan shawara a 1997.

Ƙarni na 21

Daga tsakiyar shekarun 2000 adadin ya sake hawa, tare da ƙaruwar masu shiga jami'a. Ƙungiyoyin mata sun fi samun ƙari, kasancewar mata sun zarce maza yawa a jami'o'in Amurka. A tsakiyar shekarun 2010 jimillar ɗalibai maza da mata da ke cikin manyan ƙungiyoyin ta kai kimanin 750,000. An kuma samu sababbin ƙungiyoyi na 'yan asalin Latin Amurka da na 'yan asalin Asiya. A 2013 ɗalibai Musulmi suka kafa Alpha Lambda Mu a Jami'ar Texas da ke Dallas, sunan da aka ɗauko daga haruffan Alif Lam Mim, kuma ƙungiyar ba ta yarda da giya ba.

Babban abin da ya zubar da mutuncin ƙungiyoyin maza shi ne gwale-gwalen da ake yi wa masu neman shiga, wanda ya haɗa da tilasta shan giya fiye da kima, duka da hana barci. A 2017 kaɗai ɗalibai sun mutu a irin wannan yanayi a jami'o'in Penn State, Louisiana State, Florida State da Texas State, kuma makarantu da dama sun dakatar da harkokin ƙungiyoyin na ɗan lokaci. Tun 2014 Sigma Alpha Epsilon ta soke zaman gwaji da ake sa sababbin shiga. Inuwar ƙungiyoyin maza ta hana giya mai ƙarfi a gidajen rassa daga 2019. A Disamba 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa makarantu bayyana laifukan gwale-gwale a rahotanninsu.

Shekarar 2020 ta zo da matsala biyu. Annobar korona ta rufe makarantu, ɗaukar sababbin mambobi ta koma ta intanet. A daidai lokacin, bayan kisan George Floyd, wasu mambobi a jami'o'i irin su Vanderbilt suka fice daga ƙungiyoyinsu suna kiran a rushe tsarin, bisa zargin wariyar launin fata da cin zarafin mata. Amma a Agusta 2021 bidiyoyin 'yan matan Jami'ar Alabama masu neman shiga ƙungiya suka bazu a TikTok, miliyoyin mutane suka kalla, abin da ya sake tallata harkar. Wasu rassan maza kuma, kamar a Jami'ar Duke a 2021 da Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 2022, sun yanke alaƙa da makarantunsu don kauce wa sababbin ƙa'idoji, suka ci gaba da aiki a waje.

Bambancin makarantu da dalilan shiga

Ƙungiyoyin sun fi ƙarfi a manyan jami'o'in gwamnati na kudu da tsakiyar ƙasar, da wasu ƙananan kwalejoji masu zaman kansu. A Jami'ar Washington da Lee mafi yawan ɗalibai mambobi ne. A makarantun da ɗalibai ke zuwa daga gida kuwa, ko masu haɗa karatu da aiki, ba su da wani tasiri.

Masu shiga sukan ambaci samun abokai, wurin kwana, horon shugabanci, ayyukan taimakon jama'a, da hanyar samun aiki ta hannun tsofaffin mambobi. Masu ƙin shiga sukan kawo tsadar kuɗin ƙungiya, wanda kan kai ɗaruruwa ko dubban daloli a zangon karatu ɗaya, da kuma fargabar gwale-gwale. Tsadar tana nufin har yanzu 'ya'yan masu hali ne suka fi yawa a tsofaffin ƙungiyoyin.

Alaƙa da Najeriya

A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, a matsayin ƙungiyar 'yan uwantaka ta ɗalibai. Daga shekarun 1970 wasu suka ɓalle suka kafa nasu, waɗanda da yawansu suka rikiɗe zuwa ƙungiyoyin asiri masu tashin hankali da hukumomi suka haramta. Na Amurka sun bambanta da waɗannan, domin suna da rajista, an san gidajensu da shugabanninsu, kuma abin da suke ɓoyewa bai wuce tsarin rantsar da sabon mamba da ma'anar alamominsu ba.